Mai Nutson Montreuil

A ɗakin cin abinci na gidan ma'aikata a Montreuil, wani mutum yana baza hotuna tsakanin kwanonin shinkafa. Dogo ne, da zanen Gobir a kumatu, da ƙaton agogo da yake ta juyawa don a gani. Cikin hotunan ruwa shuɗi ne garau, ga murjani, ga kifaye kala-kala, ga wani da tulun iska a baya, gilashi ya rufe masa fuska.

"Ni ne nan, a tsibirin Maurice," yake gaya wa wani dattijo. "Baba, ana neman masu raka Turawa ƙarƙashin teku. Ɗanka ya kawo fasfo kawai."

Dattijon yana shafa hoton a hankali.

Ni dai ban ga fuskar dogon ba ko a hoto ɗaya. Da azahar ta yi sai na bi mai hotunan wurin alwala. Yana ɗibar ruwa kaɗan-kaɗan, irin ɗibar wanda ya tashi a garin rijiya mai nisa. Yana shaƙa ruwa a hanci ya ƙware, tari har da hawaye.

Dattijon kuwa tuni ya hau sama ɗauko fasfon.