Daga Ina Kake, Mai Agashe?

Idan mai saye ya tambayi Baba daga ina yake, ba ya ko ɗago kai daga tukuba. Sai ya nuna bayansa da wuƙar yankan nama, ya ce da Larabci, "Daga can, bayan masallaci." A can ɗin gidanmu yake, a Kalakla, kudancin Khartoum. Tun ina ƙarama nake jin wannan amsa, ban taɓa jin ya ƙara mata ko kalma ɗaya ba.

Agashe yake sayarwa, wato abin da na zo Kano na tarar ana kira tsire. Kowa a Sudan ya san Hausawa ne suka kawo shi, kowa na ci yana lasar yatsa, amma ranar da cacar baki ta haɗa ka da wani a motar haya, abin da zai fara jifanka da shi shi ne ka koma ƙasarku. A Sudan aka haifi Baba, ubansa ma a Sudan ya yi furfura, duk da haka sai da ya sha zarya kafin a ba shi katin ɗan ƙasa. A ce ya kawo shaidu, ya kawo, a ce ya kawo wanda ya san shaidun. Da katin ya fito sai ya naɗe shi a leda, ya sa tela ya yi masa aljihu na musamman a cikin 'yar shara. Hausa kuwa sai mun rufe ƙofar gida muke yin ta. A bakin titi, ko yaji na kai masa, da Larabci yake ce min na gode.

Ni kaɗai ya haifa, Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min. Innata ta rasu ina sakandare, dakan yaji ya dawo hannuna. Na gama karatu aiki ya ƙi samuwa, kasuwar Baba kuma tana ta ja baya, don a kan titinmu an buɗe shagunan agashe masu fitilu kala-kala da kujerun roba. Baba na nan da teburinsa na katako da benci ɗaya mai gurguwar ƙafa.

Cikin wannan zaman kashe wando na ji ana koyar da masu ƙananan sana'o'i dabarun talla kyauta a cikin gari, na je. Malamar wata mace ce mai saurin magana. Ta ce mu buɗe bulog, wato shafinmu na kanmu a intanet, mu riƙa rubutu a kai duk mako game da sana'armu, mu koya wa mutane wani abu, su saba da mu kafin su sayi kayanmu. Na buɗe, da Larabci. Na rubuta yadda ake gane naman da ya kwana, da dalilin da ya sa ake kafa tsinke a kewayen wuta ba a kanta ba, da yadda ake matse man gyaɗa kafin a soya ƙuli-ƙulin yaji. Masu karantawa ba su wuce ƙawayena ba, su ma don kunya. Da na nuna wa malamar ta ce rubutun ya yi kyau, amma ina mutumin? Ta ce nama kowa na da shi, labari ne ba kowa ke da irin namu ba.

Labarin kuwa a bakin gwaggona yake, yayar Baba, wadda ke zaune a Sawra, can arewacin Omdurman. Ita ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ta zaunar da ni ta ba ni tarihin Kaka, mahaifinsu: yadda ya baro wani ƙauye a ƙasar Katsina yana saurayi, da amaryarsa da jaki, da niyyar zuwa Makka a ƙasa. Yadda guzuri ya ƙare suka tsaya tsinkar auduga a yankin Jazira na Sudan, haihuwa ta zo, wata ta biyo baya, har ya mutu bai ga Ka'aba ba. Ta ce haɗin yajinmu a cikin ɗan gora ya taho da shi. Na rubuta duka, na karanta wa Baba kafin in ɗora.

Ya saurara har ƙarshe yana soke nama a tsinke. Sannan ya ce, "Uwata, nama nake sayarwa, ba ubana ba. Ajiye shi."

Na ajiye, ina ta kumbure-kumbure. Abin da ya juya masa ra'ayi ba maganata ba ce. Mai shagon fitilun da ke tsallaken titi ne ya kafa babban allo, ya rubuta cewa nasa ne agashe na asali. Baba ya shigo gida yana huci. "Asali? Mutumin da ko sunan ƙuli-ƙuli bai sani ba? Ina labarin nan naki? Sa shi. Sa har da hotona, in ga wanda zai ce ba haka aka yi ba."

Na sa, abin kuma ya bazu fiye da yadda na zata. Samarin Khartoum masu motoci suka fara tsayawa suna tambayar ina Alhajin Najeriya yake. Da farko Baba yakan gyara musu, ya ce shi ɗan Kalakla ne, amma sunan ya riga ya manne, shi ma ya gaji ya koma dariya. Ya sayi benci na biyu, ya ƙara yawan naman da yake ɗaukowa. Sai kuma ɗaliban Najeriya da Nijar da ke jami'o'in addini suka gano wurin, suna zuwa gungu-gungu ranar Juma'a. Su ba ruwansu, a tsakiyar titi suke kwaɗa masa sallama da Hausa, "Baba, barka da wuta!" Ranar farko na ga ya waiga hagu da dama kafin ya amsa ƙasa-ƙasa. Ba a daɗe ba ya fi su ɗaga murya, yana tsokanar Katsinawan cikinsu cewa su 'yan'uwansa ne, don haka su za su biya ninki biyu. Ban taɓa ganin Baba cikin walwala irin ta wannan lokaci ba, kuma ina so a san da haka.

Da hantsi yana yanka nama, ni ina karanta masa abin da mutane suka rubuta a ƙasan shafin. Akwai masu yabo, akwai kuma masu cewa baƙi sun cika musu gari. Waɗannan nakan tsallake su, amma yana ganewa daga numfashina. "Karanta wanda kika haɗiye," in ji shi. In na karanta sai ya yi tsaki ya ce mai wannan maganar ma da yamma zai zo ya ce a ƙara masa albasa.

A cikin ɗaliban akwai wani siriri ɗan Kano, kullum ƙorafinsa lemon tsami ya yi yawa, kullum kuma sai ya dawo. Shi na aura. Shi ya koya min rubuta Hausa da boko, don mu a can a baki kawai muke da ita.

Ina da ciki yaƙi ya ɓarke, a ƙarshen azumi. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, mahauta suka daina yanka. Maigidana ya samu labarin an kawo motocin da za su kwashe ɗaliban Najeriya da iyalansu daga wata jami'a a cikin gari. Baba ya ce mu tafi, shi ba inda za shi. Na ce to ni ma na zauna, in haihu a nan ƙarƙashin harsashi. Ya san halina, don wurinsa na gado, sai ya ɗauki 'yar jakarsa ya rufe gida.

Wani maƙwabci ya ɗauke mu a tsohuwar motarsa. A unguwar Shajara muka tarar da shinge, samari riƙe da bindigogi, suka ce kowa ya fito da takardarsa. Maigidana ya miƙa fasfo, na miƙa katina, Baba ya zaro nasa daga aljihun 'yar shara ya warware ledar a hankali. Sai ɗaya daga cikinsu ya leƙo ta taga ya fashe da dariya. "Kai, Alhajin Najeriya!" Ashe ya sha cin agashenmu. Ya juya yana ba abokansa labari cikin nishaɗi, ƙauyen, jakin, audugar, har ɗan goran yaji bai manta ba. Ban ga alamar mugunta a fuskarsa ba, murnar ganin sananne yake yi.

Babbansu bai yi dariya ba. Ya juya katin gaba da baya ya ce, "Ɗan Najeriya me yake yi da katinmu?"

Baba ya ce, "Ya ɗana, a nan aka haife ni. Daga Kalakla nake, bayan masallaci."

"Kai da bakinka ka gaya wa duniya daga inda kake." Ya zura katin a aljihun wandonsa, ya ce direba ya ja mota.

Baba ya fiddo hannu biyu ta taga yana roƙo. Ban taɓa ganin ya roƙi ɗan Adam ba sai ranar, kuma yaron da yake roƙo bai kai ni shekaru ba. Aka buga gindin bindiga a jikin mota, maƙwabcinmu ya taka. Har muka isa Baba na riƙe da ledar, yana ninke ta yana warwarewa.

A harabar jami'ar mutane sun yi dafifi cikin rana, kowa da jakarsa. Shugabannin ɗalibai ne ke tsara shiga mota, da yawansu sun san Baba, har da masu rusunawa su gaishe shi. Ni an lallaɓa an sa ni da takardar aurenmu. Da aka zo kan Baba sai mai tsarin ya sunkuyar da kai, ya ce kujera ta mai fasfo ce, kuma ko sun ɗauke shi, a bakin iyaka za a sauke shi a bar shi cikin hamada. Na zaro waya, babu sabis, amma shafin na ajiye a ciki. Na tura masa a fuska ina cewa ga sunan ƙauyen, ga ƙasar Katsina, ga hotonsa, yanzun nan aka ƙwace masa kati saboda an ce shi naku ne.

Ya ce, "Hajiya, wallahi na karanta, ni ma ta nan na san Baba. Amma wannan ba takarda ba ce."

Na yi masa ihu, na faɗi maganganun da ba su dace da mace mai ciki ba, alhali bawan Allah ba shi ya kafa dokar ba. Baba ya kama hannuna ya sauke wayar. "Uwata, daina nuna musu. Ya isa." Ya buɗe jakarsa ya ciro gwangwanin yaji ya danƙa min, ya ce shi zai tsallaka wurin yayarsa a Sawra, in ƙura ta lafa mu dawo mu same shi. Na ce ban shiga. Sai ya ɗaga murya da Hausa, a gaban kowa, ya ce in na sake na bar motar nan ta tafi ba ni, bai yafe min ba. Na shiga. Ta taga na ga yana tambayar wani hanyar da ta fi sauƙin kaiwa gadar da ake tsallakawa zuwa Omdurman.

Ya isa Sawra lafiya, amma daga nan bai sake motsawa ba. Mutumin da ba shi da kati ba ya tunkarar shinge, shinge kuwa ko'ina ne. Maƙwabtan gwaggo suka yi ta ficewa zuwa ƙauyuka, shi ba hali, ita kuma ta ƙi barin ƙaninta. Maganin hawan jininsa ya ƙare, inda ake samunsa sai an wuce masu bindiga. Na haihu a Kano, namiji, sau ɗaya waya ta shiga ya ji kukan yaron, ya ce wannan muryar ta masu talla ce. Bayan wasu watanni saƙon muryar gwaggo ya iso, tana faɗin rasuwarsa tana sheshsheƙa. A filin wata makaranta suka binne shi, don hanyar maƙabarta ba ta biyuwa.

Masu zuwa gaisuwa suka yi ta ce min kada in ɗora wa kaina laifi. Ni ban ce na ɗora ba. Labarin gaskiya ne, nasa ne, shi ya ce a sa, kuma ya ji daɗinsa. Fushi nake yi, har yau bai huce ba, cewa rubutu ɗaya ya isa a raba mutum da ƙasar da aka haife shi, amma bai isa a ba shi kujera ɗaya zuwa ƙasar ubansa ba. Shafin yana nan ban goge ba. Jefi-jefi wani yakan rubuta yana tambaya ko Alhaji ya dawo ya hura wuta, ban taɓa amsawa ba.

A nan Kano 'yar Sudan ake kirana, yara na kwaikwayon Hausata. Albashin maigidana ba ya kai mu ƙarshen wata, saboda haka na koma dakan yaji irin na Baba ina ƙullawa a leda. Ƙanwar mijina, mai son ci gabana ce tsakani da Allah, ta ce in buɗe sabon shafi in ba da tarihina, yaƙin da gudun da komai, ta ce mutanen nan suna son kayan Sudan, in suka ji labarin sai na rasa hannun ƙulla yaji. Na san gaskiya ta faɗa, wa ya fi ni sani? Na buɗe shafin, amma hoton yaji kawai nake sawa da yadda ake barbaɗa shi. Ciniki na tafiya a hankali, wata rana a yi, wata rana shiru.

Kwanan baya wata mata ta zo saye har gida. Tana jira ina auna mata, ta ƙura min ido ta ce, "Baiwar Allah, Hausarki wata iri ce. Daga ina kike?"

Ban ɗago kai ba. Na nuna bayana da cokalin awo na ce, "Daga nan, bayan masallaci." Ta tsaya tana jiran sauran, ni kuma na ƙulle ledar na miƙa mata.