Na'urar Alhaji Ba Ta Shan Ruwa

Har yau idan na tuna ranar da Alhaji Ɗanlami ya kawo jirgin ruwansa wurin aikinmu, kaina nake fara zagi. Ina jin mutum yana waya da Hausa, maimakon in yi shiru kamar kowane yaro mai hankali, sai bakina ya ce, "Ina wuni, Baba."

A hutun bazara ne. Na samu aiki a wani shagon gyaran jiragen ruwa a bakin kogin Potomac a nan Amurka, a ƙarƙashin wani tsohon Ba'amurke, Mista Ray, wanda murmushinsa na ƙarshe ina jin tun kafin a haife ni ne. Gwaji nake, kuma ya gaya mini kuskure ɗaya ya ishe shi.

Jirgin Alhaji irin mai faɗin nan ne, kamar falo a kan manyan bututun alminiyam biyu. Na'urar auna zurfin ruwa yake so a sa masa. Tana da allo a gaban direba, da wani ɗan abu kamar sabulu da ake ɗaurawa a bayan bututun. Shi ke aika sauti ƙasa ya dawo da labari. Ƙa'idar ba wuya: a ɗaure shi a jikin ƙarfen da aka yi wa walda a can, a miƙe, nesa da farfela, cikinsa a nutse cikin ruwa. Mista Ray ya nuna mini, ya tafi ɗauko kaya.

Kafin ya dawo Alhaji ya gama bincikena. Ashe masallaci ɗaya suke zuwa da mahaifina a Beltsville. Nan take na tashi daga ma'aikaci na koma ɗa.

"Kai, Sadiku, me kake yi haka? Cikin ruwa za ka tsoma shi?"

"Baba, ai a ruwan yake aiki."

"Abu sabo dal? Ka san duwatsun da ke ƙasan nan? Ɗaga shi sama. Kuma wa ya ce ka ɓare ledar?"

Na duba cikin jirgin. Kujerun duk da ledarsu. Sitiyarin da ledarsa. Ina jin da injin ya zo a kwali, da a kwalin zai tuƙa shi.

"Baba, maigidana ya ce..."

"Maigidanka ya san ubanka? Ni na san shi."

Ku da kuka taso a nan za ku ce me ya hana in ƙi. Ku gwada. Ku kalli mutum mai furfura da zai zauna kusa da babanku ranar Juma'a, ku ce masa bai sani ba. Na ɗaga abin har ya wuce saman ruwa da taƙi guda, na naɗe shi da ledarsa kamar jariri, Alhaji yana ta sa mini albarka.

Ranar Asabar ya kwashi iyalinsa da baƙi daga Germantown, har da kulolin shinkafa, suka fita yawo a kogi. Allon bai nuna komai ba sai layuka biyu suna ƙiftawa. Alhaji ya fassara musu cewa zurfin ne ya fi ƙarfin na'urar. Yana cikin bayanin suka hau tudun yashi, a wurin da ruwa bai kai gwiwa ba. Mai jirgin da ya janyo su ya leƙa baya, ya ga abin a sama a bushe, ya tambayi shagon da ya yi wannan aika-aika.

Litinin da safe Mista Ray ya ajiye mini ledar a kan tebur. Na fara yi masa bayanin girmama manya. Ya saurara har ƙarshe, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya ce a shagonsa ruwa ne babba.

Abin da na koya a sana'ar nan, mai kaya yana iya ba ka umarni, amma in abu ya lalace sunan mai sukudireba ake tambaya.

A ranar aka sallame ni. Da Juma'a ta zo, Alhaji ya gaya wa mahaifina cewa yaronsa akwai ladabi, sai dai bai iya aiki ba.