Maganar Da Ta Faɗa Kunnen Mai Gashin Baki

Mai raba abinci ya sunkuyo ya tambayi Mai Rediyo abin da zai sha. Bawan Allah ya ɗago kai, gumi na bin wuyan rigarsa, ya ce, "Tun da kika zo layin nan shagona ya daina duhu."

Mai raba abincin ƙato ne, gashin bakinsa kamar burushin takalmi. Ya duba bayansa ko akwai wata mace, babu. Mai Aski da ke gefe ya ƙware da lemo.

Kowa a layin ya san Mai Rediyo. Shagonsa ɗan lungu ne cike da matattun rediyoyi da warin dalma. In ka kai masa gyara, zai karɓa, ya kara a kunne, ya nuna maka ranar dawowa da yatsu. Tun da matarsa ta rasu, maganar tasa ta ƙara tsada. Ko ɗaurin aure ya je, bango yake nema ya jingina, ka rantse haya ya biya.

Shagon da ke kallon nasa na Mai Labule ne, bazawara mai yawan dariya. Kullum da hantsi takan baza yadudduka a ƙofa, rana ta doke su, hasken ya tsallaka titi ya faɗo kan teburinsa, yau ruwan ɗorawa, gobe shuɗi. Shekara da shekaru abin da ke shiga tsakaninsu ina kwana ne da lafiya lau. Sauran yana nan a maƙogwaronsa.

Sai ga ƙungiyar unguwa ta shirya walimar karrama mutane, har da Mai Labule, saboda 'yan matan da ta koya wa ɗinki kyauta. Aka kuma ji cewa daga nan za ta koma wajen ɗanta a wani gari. Abin da ya fito da Mai Rediyo ke nan. Ya yi ta bitar magana ɗaya a gaban rediyoyinsa har ta zauna, ya goge riga, ya zo ya zauna a teburin ƙarshe kusa da ƙofa. Yana hango ta can gaba cikin mutane, ana ta ɗaukar hoto, leɓensa na motsi. Maganar ta cika masa baki, mai gashin baki ya taɓa, ta zube.

Mai Aski kuwa ba a ba shi ajiya. Kafin a kwashe faranti ya zaga tebur-tebur yana tambaya wace ce "kika", tunda dai mai raba abinci ba a layin yake ba. Dariya ta bi zauren har ta isa gaba. Mai Rediyo ya ƙura wa cokalinsa ido, yana auna nisan ƙofa.

Da aka tashi, sai ga Mai Labule tsaye a kansa, kyautarta a hammata. Ba ta yi dariya ba.

"Malam, da ka faɗa tun bara, da ban sayar da keken ɗinkina ba."

Ya buɗe baki, babu abin da ya fito sai Allah ya kiyaye hanya. Ta ɗan jira. Sannan ɗanta ya danna mata hon daga waje, ta tafi. Ya bi mayafinta da ido har motar ta sha kwana.

Mai Aski ya dafa kafaɗarsa, ya ce kaico, mutum ya yi shekaru yana tara magana ɗaya tak, ya tashi ya juye wa gardi.

Mai Rediyo bai ko dube shi ba. "Ai ta ji. Duk lasifikar da na taɓa gyarawa, kai kaɗai ne ba ka cin batir."