Majo Laminu da allurar da ya hana

Ina wanke hannu zan fara duba marasa lafiya, ranar kasuwar Guci, sai ungozomarmu ta shigo riƙe da waya ta ce, "Baba Majo ya cika a Damagaram." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Majo Laminu shi ne shugaban ƙaramin asibitin da aka turo ni bara, ina gama makarantar kiwon lafiya, kuma a ƙarƙashinsa na fara taɓa majinyaci.

Ban yi niyyar rubuta komai ba, sai da na ji wata magana a zaman makoki. Wani ya shafa addu'a, ya ce, "Mutumin kirki ne, sai dai rowar allura." Aka yi 'yar dariya. Har yau raina bai huce ba. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a kan lafiyarmu, abin da za a sallame shi da shi ke nan?

Ga asalin rowar. Maza kan zo da zafin fitsari da ɗigar ruwa daga gaba. A nan duk wannan sunansa ciwon sanyi, maganinsa kuma allura. Baba Majo yana ba da maganin farko yadda ƙa'ida ta ce. Amma in mutum ya dawo bai warke ba, ba ya maimaita allurar. Ya koya mini cewa akwai wata ƙwayar cuta, mikoplasma, wadda ƙanƙantarta ta sa madubin labo, wato ɗakin gwaji, ba ya nuna ta, kuma ba ta da ɓawon da irin wannan allura ke fasawa. Mai yiwuwa ita ke hana wasu warkewa. "Mai yiwuwa" yake cewa kullum, don awon da ke tabbatar da ita ba mu da shi. Yakan ce mini, "Ɗana, abin da ba ka gani ba, kada ka rantse a kansa. Kada kuma ka ce babu shi."

Akwai wani mai kabu-kabu, mai haya da babur, da ya yarda in ba da labarinsa ba tare da suna ba. An yi masa allura a wurinmu, ya je ya ƙara a wurin masu tallan magani a kasuwa, waɗanda ke zaɓa wa mutum kafso da launinsa. Ciwo ya ƙi tafiya. Abokan zamansa suka yanke hukunci: tunda allura ba ta ƙarya, matarsa ce ke sake kwaso masa daga waje. Ya tura ta gidan iyayenta, yana shirin saki.

Ban taɓa ganin Baba Majo ya fusata kamar ranar da mutumin ya dawo ya faɗa masa haka ba. Ya rufe ƙofa, ya ce masa, "Kai, in babur ɗinka ya ƙi tashi bayan ka zuba mai, mai ɗakinka kake tuhuma? Wannan cuta tana iya daɗewa jikin namiji ko mace ba alama. Ni ban san wa ya fara ɗauka ba, kai ma ba ka sani ba. Kawo ta a yi muku magani tare." Mutumin ya fita yana gunaguni. Kafin ya dawo, jinya ta kwantar da Baba Majo.

Bayan addu'ar uku sai ga mai kabu-kabun a asibiti. Ya leƙa kujerar Baba Majo da ba kowa, ya ce, "Ƙaramin likita, tsoho ya tafi, Allah ya jiƙansa. Kai dai taimaka ka caka mini."

Ni mai tsoron kuskure ne, kuma ba wanda zan waiwaya in tambaya. Na ce, "Yaya, allura ba za ta yi ba. Ƙwayoyi ne na wani iri, kai da ita, ku shanye duka. In bai yi ba, in tura ku Damagaram."

Ya ce, "Ashe rowar gado ce."

Ya tafi. Ranar kasuwa ta zagayo, sai na hango babur ɗinsa a ƙofar asibiti, mace na sauka daga baya. Ba zan rubuta cewa mikoplasma ce ba, don ban auna ba. Abin da na sani, sun sha maganin, zafin ya tafi, kuma ta koma ɗakinta. Mai dariyar makoki, in yana so, ya je ya tambaye ta ko Majo Laminu marowaci ne.

Allah ya jiƙan Baba Majo, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya saka masa da kowane gida da ya hana rushewa ba tare da kowa ya sani ba. Allah ya ba matarsa Inna da 'ya'yansa haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ni kuma da aka bar wa kujerar, Allah ya ba ni irin rowarsa. Amin.