Na Kira Malam, Duk Suka Waiwayo

Jiya da dare na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Ni ban yi boko ba, ajamin ma ban iya ba. Jikata Hadiza, takwarata, ita ce take rubuta wannan a wayarta, kuma na ce ta sa shi inda take sa labaranta, ku masu karanta ta ku gani. Na haɗa ta da Allah kada ta gyara mini magana, ko da wadda ta taɓa ta ce.

Sai na fara gaya muku abin da ya faru ido biyu, in ba haka ba ba za ku gane ba. Maigidana ya rasu da damina, Allah ya ji ƙansa. Haƙar rijiya ce sana'arsa. Gajere ne, baƙi, ɗan yatsansa na tsakiya a karkace tun da dutse ya faɗo masa a kai, kuma ko ya yi wanka ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ya barin jikinsa. Hotonsa ɗaya ne a gidan nan, shi ma ruwa ya cinye shi. Da na fita takaba sai na lura fuskarsa ta fara guje mini. In rufe ido in nemo shi, in samu hularsa, in rasa abin da ke ƙarƙashinta.

Na ce, “Takwara, ke da kike rubuta labarai, rubuta mini kakanki kafin in rasa shi gaba ɗaya.”

Ta rubuta da zuciya ɗaya, ta zauna ta karanta mini. Sai na ji wani dogo, fari, mai kwantaccen saje da ƙanshin turare, yana gaya mini kalaman da Malam ko a ɗaki bai taɓa furtawa ba.

Na ce, “Ke, wannan mijin wace ce?”

Ta ce, “Iya, haka ake rubutawa. In ba haka ba, ba mai karantawa.”

Ban ga laifinta ba. Littattafan soyayya kaɗai take karantawa tun tana ƙarama. Malam kuwa, in ya je haƙa wani gari, yakan tsaya wurin masu baza tsofaffin littattafai a tasha ya sayo mata, shi da bai san ko baƙi ɗaya ba. Na tarihi, na yaƙi, na matafiya, na kiwon dabbobi, har na aljanu. Shi al'adarsa ce, kafin ya sa diga a gari sai ya bi rijiyoyin unguwar ɗaya bayan ɗaya ya ɗanɗana ruwansu. Yakan ce mata, “Amaryata, wanda rijiya ɗaya ya sani zai rantse duk ruwan duniya haka yake.” Ita kuma ta ce, “Tsoho, da katin waya ka sayo mini.” Su yi dariya. Littattafan suka ƙare a kwali, ƙarƙashin gadona.

To, a mafarkin, na gan ni a tsakar gidanmu ranar rasuwar, amma gidan ba shi da katanga. Aka ce in zo in yi sallama da gawa. Aka buɗe fuskar. Dogon nan ne fari, sajensa a kwance. Na ce, “Wannan ba nawa ba ne.” Matan suna ta jan carbi, ba wadda ta ɗago kai.

Sai kawai na gan ni a wata kasuwa da ba rumfa ko ɗaya. Maza ne tsaitsaye iyakar ganina, cikin farar shadda, kowa da makullin mota a hannu, kuma duk fuskarsu ɗaya. Rana tsaka, amma ba mai inuwa a cikinsu. Wata murya da ban ga mai ita ba ta ce, “Yana nan. Kira shi.”

Na ce, “Malam!”

Duk suka waiwayo. Duk suka yi mini murmushi iri ɗaya.

Muryar ta ce, “Da sunansa.”

Ni kuwa tun ranar da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa faɗin sunansa ba. Ko yaron maƙwabta mai irin sunan, Mai-sunan-Malam nake ce masa. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Har a mafarki kunya ba ta sake ni ba.

Sai kawai ga rijiya a tsakiyar kasuwar, Hadiza a bakinta tana jan guga, ta ba ni baya. Duk gugan da ta jawo, sai mutum ɗaya irinsu ya fito daga ciki, ko jiƙewa bai yi ba, ya je ya tsaya cikin 'yan uwansa. Ruwan da ke zuba ƙanshin turare yake yi. 'Yan mata sun yi layi suna sha, suna komawa baya su sake bin layi, leɓunansu duk sun tsage da ƙishirwa. Igiyar ta yanke wa Hadiza tafin hannu, jini yana bin ta har cikin rijiyar. Na ce, “Takwara, huta mana.” Ta ci gaba da jan gugarta.

A bayanta akwai wasu rijiyoyi da yawa, an rufe bakin kowace da kwali, gara ta yi gini a kai. Ba mai zuwa wurinsu. Daga cikin ɗaya na ji tari. Tarin Malam ne, busasshen nan da yake yi kafin ya ɗauki buta. Na durƙusa na kama kwalin, ya ruguje a hannuna ya zama gari. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugo ni. Can ƙasa cikin duhu na ga hannu ya miƙo, duk laka, da karkataccen yatsan nan. Fuskar ce ban gani ba. Saura kaɗan haske ya kai gare ta.

Na duba, ba igiya. Igiya ɗaya ce a duk kasuwar, tana hannun Hadiza.

Na ce, “Kawo igiyar nan, kakanki ne!”

Ta ce, ba ta ko waiwayo ba, “Iya, wannan ruwan suke so.”

Sai bangon rijiyar ya fara zubewa a hankali, ba ƙara. Ƙasa ta rufe gwiwar hannun, ta rufe tafin, ya rage yatsan. Na tattara duk ƙarfina zan kira sunansa.

Na farka bakina a buɗe, matashin kaina a jiƙe. Hadiza, da take kwana a ɗakina, ta ce ta ji na yi kira, amma ba ta gane abin da na ce ba. Ni ma ban sani ba ko na faɗa.

Da gari ya waye na sa ta jawo kwalin. Gara ta cinye rabin littattafan. Sauran suna nan, wasu ba bango. Ga guda a kan cinyarta yanzu, ta kakkaɓe shi, tana rubutu tana jan hanci, wai mura take yi.

Don Allah, ku da kuka yi karatu, ku gaya mini. Hannun nan da ya miƙo, so yake a jawo shi, ko ban kwana yake yi mini? In yarinyar nan ta sha ruwan sauran rijiyoyin, za ta iya fito mini da fuskarsa kafin ƙasa ta gama rufewa?