Shirun da Baba Iliasu Ya Ji a Waya

Zulkarnaini ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk unguwarmu ta Maamobi babu wanda ya san halinsa kamar ni. Zulka ake kiransa. Tun yana ƙarami ba a ajiye rediyo kusa da shi, sai ka dawo ka tarar da hanjinta a waje. Mma, mahaifiyarmu, ta doke shi har ta gaji. Da ya girma ya yi aiki a wani shagon intanet a New Town, a can ya koyi haɗa wayoyin ofis, har kamfanonin cikin gari suka riƙa aiko masa da mota. Amma bai bar lungunmu ba. Shagonsa na manne da nawa, ni ina sayar da atamfa, shi yana zaune cikin igiyoyi kamar gizo-gizo. Mutum ne mara magana, kuma abin da ke ba ni haushi da shi ke nan. Ka tambaye shi abu, sai ya gama kallon kwamfuta kafin ya ba ka rabin amsa.

Ƙungiyar 'yan Nijar na unguwarmu ce ta roƙe shi aikin da ya zama sanadin wannan labari. Tsofaffinmu da yawa danginsu na ƙauyukan da ba a san intanet ba, sai ƙaramar waya, kuma kiran can kai tsaye yana cinye kati kafin a gama gaisuwa. Sai ya haɗa musu abin da yake kira saba, wata baƙar kwamfuta mara allo da ke huci a ƙarƙashin teburinsa. Ita ke karɓar kira daga wayoyin da ya jera a shago, da waɗanda ya ja har ɗakunan tsofaffin da ba sa iya fitowa, ta tura ta intanet, wani kamfani kuma ya sauke kiran a kan wayar ƙauye. Tsakanin sabar da duniya akwai wani farin akwati mai ƙahoni biyu, rawuta. Ya taɓa yi mini bayani cewa ƙarar kira ta ƙofa ɗaya take bi a cikin akwatin, murya kuma ta wasu ƙofofin, kuma sai da ya sha wuya kafin ya saita su yadda muryar can za ta san hanyar shigowa. Na ce to, Allah ya taimaka, ni dai kada ka ƙona mini kaya.

Cikin waɗanda aka ja wa waya har ɗaki akwai Baba Iliasu Maiturare, abokin marigayi babanmu. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu can bayan Dogondutsi, ya kafa teburin turare a mahaɗar Kawukudi, bai sake komawa ba. Kowa ya san dalili, ba dai mai faɗa. Lokacin da mahaifiyarsu ke ciwon ajali an aiko masa, ya ce sai bayan salla, kasuwa ta buɗe. Ƙanensa Ɗanbala shi kaɗai ya yi jinyarta, shi ya sa ta a kabari, kuma ya rantse babu shi babu Iliasu. Wayar nan ta daɗe a gefen katifar Baba tana shan ƙura, bai taɓa ɗaga ta ba.

A daminar nan ciwo ya kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, asibiti suka sallamo shi da magunguna da irin kallon nan da likita ke yi idan ba ya son faɗin sauran. Sai ya aika aka kira Zulka, ni ma na bi shi da kwanon koko.

"Ɗana," in ji Baba, "wannan abin naka yana kaiwa har garinmu?"

"Yana kaiwa, Baba."

"To ina so in roƙi Ɗanbala gafara. Ba na son in tarar da tsohuwa da wannan kaya a kaina."

A wajenmu babba ya sauko ya roƙi ƙanensa ba ƙaramin abu ba ne, kuma mutum irin Baba sau ɗaya zai yi shi.

Ƙauyen su Ɗanbala ba sabis. Sai ranar kasuwa, kowace Laraba, yake zuwa wani gari inda wani mai cajin waya, Abdul-Mumin, ke ara wa mutane wayarsa. Zulka ya yi ta kai da kawowa da mutumin nan har Ɗanbala ya yarda zai tsaya bayan azahar. Daga nan aiki ya kai Zulka Kumasi, bai dawo ba sai safiyar Larabar. Ina kallonsa ya shiga shago, ya ga fitilun rawuta suna kyaftawa, ya ɗaga waya ya ji tana da rai, ya kira ɗakin wani tsoho suka gaisa lafiya lau. Ya ce komai daidai.

Bayan azahar ya danna wa Baba lambar, ya miƙa masa, muka fito tsakar gida domin maganar manya ce. Amma bangon katako ne, me zai ɓoye? Muna jin muryar Baba tana rawa. Ya yi sallama, ya kira sunan ƙanensa, ya faɗi laifinsa tiryan-tiryan ba tare da ya kare kansa ba, ya ce, "Don Allah, don darajar nonon da muka sha, ka yafe mini." Sai ya yi shiru yana jira. Shirun ya yi tsawo har na fara jin ƙarar trotro, motocin hayarmu, daga bakin titi. Ya sake cewa, "Ɗanbala?" Can sai muka ji ya ajiye wayar a hankali.

Da muka shiga ya juya fuskarsa bango. "Ya ɗauka," in ji shi. "Ya saurare ni har ƙarshe. Ko tari bai yi ba."

Wallahi a lokacin na tsine wa Ɗanbala a zuciyata. Wane irin dutse ne wannan? Zulka ma kansa a ƙasa muka koma shago. Ba mu daɗe da zama ba sai ga Alima mai waina ta fito daga wajen wayoyin tana masifa, wai ta kira 'yarta a Tawa, an ɗauka, amma ba ta jin komai sai iska. Na ga fuskar Zulka ta canja. Ban taɓa ganin ya tashi daga kujera da irin wannan saurin ba.

Ya fara da kan wayar, ya canja shi da wani. Ya cire igiya ya sa sabuwa. Ya kira daga wannan waya zuwa waccan a cikin shago, murya na zuwa tana dawowa ras. Ya kashe sabar ya kunna, gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan madannai. Ya buɗe rubutun da sabar ke ajiyewa na kowane kira, ya nuna mini da yatsa kamar zan gane: an ɗauki kiran Baba, an daɗe a kai, muryarsa ta fita, amma daga can ko ɗigo bai shigo ba. Sai ya ce, "Yaya, riƙe wayarki," ya kira ni ta sabar. Ina jin sa tangaram. Ni kuwa na yi ta alo, alo, har na ɗaga murya, yana tsaye a gabana da waya a kunne yana girgiza kai.

Ya kira kamfanin da ke sauke kiran, suka ce su nasu lafiya yake, suna turo murya, wajensa ne ake mayar da ita. Nan ya durƙusa ya jawo rawutar. Ya shiga cikinta ta kwamfuta, lambar sirrinsa ta ƙi, ta kamfani da aka sayo ta da ita kuwa ta buɗe nan take. Duk ƙofofin da ya saita babu ko ɗaya, an share su tas. Ya juya akwatin, sai ga guntun zaren ado mai ƙyalli manne a gindinsa da salatif.

"Wa ya shiga shagon nan?" Muryarsa ƙasa-ƙasa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Makullin ajiya na wajen Gwaggo Amama, ƙanwar babanmu. Muka same ta tana tsince shinkafa, Zulka ya tambaye ta wa ya taɓa masa rawuta. Ko a jikinta.

"Au, farin akwatin? Gidan Alhaji Tajudeen suka aiko ranar Asabar, bikin 'yarsu. Wai suna so dangi na Jamus su kalli kamu a waya. Na ba su benci, na ba su manyan tukwane, sai in hana su akwati? Ai sun dawo da shi, mai kiɗan bikin ma da kansa ya mayar ya jona. Har da naman biki suka haɗo."

"Gwaggo, ya danna ɗan ramin da ke bayansa, wanda ke share saiti?"

"Oho! Ya dai nemi tsinken sakace, wai abin ya ƙi shi."

Na buɗe baki zan yi mata tas, sai na rasa ta inda zan kama. A Zango haka muke, ranar biki ko suna ko rasuwa ba wanda ke da kaya, na kowa ne, kuma wanda ya hana sai a yi shekara ana nuna shi da baki. Da ni aka tambaya ranar, ban tafi kasuwar Makola sayen kaya ba, ban san me zan ce ba. Zulka ya juya ya koma shago.

Kafin la'asar ta yi sanyi ya mayar da saitin. Ya kira ni, na ji shi, ya ji ni. Nan take ya danna lambar Abdul-Mumin. Kasuwa ta watse, in ji mutumin, Ɗanbala ya hau amalanke tun ɗazu. Abin da Ɗanbala ya faɗa a waya kuwa Abdul-Mumin bai ji ba, domin ya matsa ya ba shi wuri, amma ya hango shi ya daɗe yana magana yana share ido da hannun riga, kuma da zai tafi ya sayi goro ya rarraba wa mutane. Zulka ya roƙe shi ya tura mai babur. Mutumin ya ce ruwa ya cika kwarin da ke tsakani, babur ba ya ƙetarewa, sai amalanke ranar kasuwa, amma zai ba da saƙo idan ya ga mai zuwa.

Da gudu muka koma wajen Baba. Zulka ya durƙusa ya yi masa bayani, ya faɗi maganar akwati, da biki, da goro. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Baba ya saurara idonsa a rufe.

"Ka ji ya ce ya yafe, da kunnenka?"

"A'a, Baba. Amma..."

"Shi mai cajin ya ji?"

"Bai ji ba."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Kana da tausayi irin na ubanka. Na san Ɗanbala, na kuma san shirunsa. Ku ɗauke wayar nan daga ɗakina."

Ba mu ɗauke ba, na dai tura ta bayan akwatin kayansa. Daga ranar ya daina karɓar koko, sai ruwa, shi ma kurɓi ɗaya. Limamin lungunmu ya zo ya gaya masa wanda ya nemi gafara da gaskiya ya sauke nasa nauyin, Baba ya gyaɗa kai kawai don ladabi. Zulka kuwa ya ƙi karɓar aikin kowa. Kullum yana gaban sabar yana gwada layi, ya kira ni, ya kira Alima, ya kira Abdul-Mumin har mutumin ya fara ƙosawa. Ba wanda ya ƙetare kwarin. Ni kuma kowace safiya idan na doshi ɗakin Baba sai na tsaya a bakin ƙofa na kasa kunne tukuna, in ji ko akwai numfashi. Ina ƙirga Laraba kamar mai jiran haihuwa, ina jin haushin kowa, har da shinkafar Gwaggo.

Ranar Talata da hantsi Baba Iliasu ya cika. Kafin la'asar an kai shi.

Washegari muna zaune a shagon Zulka, masu gaisuwa na wucewa, sai Abdul-Mumin ya yi masa filashin. Zulka ya dube ni, ya kira ta sabar, ya sa a lasifika. Muryar wani tsoho ta cika shagon, garau, har ana jin kukan awaki a bayansa.

"Salamu alaikum! Ɗanbala ne. Ina Yaya? Yau na zo masa da jikokina, su ma su ji muryarsa."

Zulka ya gaya masa. Tsohon ya yi salati, ya yi ta maimaitawa, muna jin yana jan hanci. Can ya nisa.

"To, alhamdu lillahi da Allah ya sa muka gana. Ni tun da ya yi sallama na ce masa na yafe, duniya da lahira. Na yi ta faɗa, shi kuma yana ta magana bai tsaya ba, ka san Yaya. Na ce shi ma ya yafe mini, na daɗe da hucewa, girman kai ne kawai. Ya dai ji ni, ko?"

Zulka ya dube ni. Hawaye na bin gemunsa.

"Alo? Ɗana, layin ne? Kana ji na?"

"Ina jin ka, Baba," in ji Zulka. "Ina jin ka sarai."

"Madalla. To shi fa, ya ji ni?"