Yaya Tafireta da Kwamfutar da Ƙwaƙwalwa Ta Yi wa Yawa

A unguwarmu ba mai kiran yayata da ainihin sunanta. Manya su ce Tafireta, yara su ce Inna Tafireta, ni kuwa Yaya nake ce mata. Sunan ya bi ta ne tun tana budurwa, lokacin da ta kama aikin buga takardu a wani ofishi da ke saman bene kusa da tashar mota. Mai shayin da ke ƙasan benen yakan ce daga ƙarar keken bugunta yake gane ko ranar ta tashi da fara'a ko an ɓata mata rai.

Gajeriyar mace ce, mai saurin tafiya, tabaranta kullum a rataye a wuya da ɗan zare. Shekararta bakwai a ofishin aka kawo musu kwamfutoci huɗu a kwali. Sauran masu buga takardu suka ja da baya, har wata ta ɗinka wa tata riga ta lulluɓe ta, wai kada ƙura ta shiga, alhali tsoron taɓawa take yi. Yaya kuwa sai ta jawo kujera ta zauna kusa da mutumin da aka turo ya haɗa su. Kwana biyu ya yi yana aiki, kwana biyun nan tana gefensa da littafi da biro. Duk saƙon da ya fito a sikirin sai ta kwafe shi harafi bayan harafi, a ƙasansa kuma ta rubuta abin da mutumin ya yi har saƙon ya ɓace.

Bayan 'yan watanni ɗaya daga cikin kwamfutocin ta ƙi tashi, mutumin kuma ya yi nisa. Da aka fita hutun rana Yaya ta kulle ƙofa, ta buɗe littafinta, ta sake ɗora wa kwamfutar babbar manhaja, wato wadda sauran manhajoji ke zama a kanta. Kafin a dawo kwamfuta ta tashi. Daga ranar, a takarda dai mai buga takardu ce, amma duk benen ita ake aika wa idan na'ura ta yi gardama. Ta yi ritaya da littattafai shida cike da saƙonnin kuskure da maganinsu.

Ritayar ba ta karɓe ta ba. 'Ya'yanta sun watse, kowa da gidansa. Daga ita sai mijinta, tsohon direban doguwar tafiya, mutum mai barkwanci wanda ni da shi ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ta gwada kiwon kaji, suka ishe ta. Ta gwada shuka furanni, ta yi ta ba su ruwa har suka ruɓe.

Ni sana'ata ɗinkin baje ne, irin tambarin da ake maƙala wa a aljihun rigar 'yan makaranta. Ina da inji mai allura shida da na saya na hannu shekara goma sha shida da suka wuce. Kwamfuta ce ke gaya masa inda zai soka allura, kuma ba ya jin yaren kowace manhaja sai wata tsohuwa, ita ma ba ta zama sai a kan tsohuwar babbar manhaja. Yaya ce ta haɗa mini su tun farko, ba su taɓa ba ni ciwon kai ba.

Wata safiya na kunna kwamfutar sai na ji ƙaurin waya. Ta yi ɗan tari ta mutu. Saura kwana goma a koma makaranta, ga aikin makarantu uku a kan teburina.

Na kira mai gyaran da ke bakin titinmu, magidanci ne mai gaskiya, ya kuma san aikinsa a kan waya da sababbin kwamfutoci. Ya duba ya ce cikin ya ƙone, ba ta tasuwa. Ya samo mini wata ta hannu, wadda ta fi tawa ƙuruciya, tana da faffaɗan soket ɗin da wayar injina ke shiga. Ya ɗauki faifan sidin tsohuwar babbar manhajar ya yi kwana biyu yana fama. A rana ta uku ya share gumi ya ce shi kam ya sallama, wannan manhajar ta girmi sana'arsa, shawararsa in fara tunanin sabon inji.

Ban so in ɗora wa Yaya wahala ba, ganin idonta ya fara rauni, amma ba yadda na iya. Na same ta a tsakar gida tana kallon tukunyar furen da ya mutu. Ban gama bayani ba ta miƙe ta shige ɗaki. Mijinta ya dube ni ya ce, "Kin taso mana da aiki. Rabon da in ga ta yi wannan saurin tun ranar da kaza ta shige mata kicin."

Ta fito da jakarta: littattafan nan shida, sukundireba biyu, tsumma mai laushi, da wani gwangwanin biskit da ta ɗaure da roba. Mijin ya kai mu shagona a motarsa, ya nemi benci ya zauna, ya ce ba zai bari a ba shi labari ba. Mai gyara ma da ya hango mu ya rufe shagonsa ya biyo mu, wai yana so ya ga inda ya kuskure.

Yaya ba ta taɓa komai ba sai da ta sa shi ya sake gwadawa a gabanta. Ya saka faifai, sikirin ya yi shuɗi, rubutu ya gudana, can sai aikin ya tsaya. Saƙon ya ce ba a ga rumbun ajiyar kwamfutar da za a zuba manhajar ba. Mai gyara ya ce ga shi nan, kullum a nan take cijewa, alhali rumbun lafiyarsa lau, ya gwada shi a wata kwamfutar.

Ta ɗora tabarau a hanci ta karanta saƙon a hankali har sau biyu. Ta ce masa yawancin mutane ba sa karanta abin da na'ura ta faɗa, suna ganin rubutu sai su danna maɓalli don ya tafi. Ta buɗe littafi na biyar, ta yi ta juya shafuka da ɗan yatsa har ta tsaya a wani wuri. Ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa, tana ta danna wani maɓalli guda, sai ga wani shafi na saituna da ban taɓa sanin yana ciki ba. Ta bayyana mana cewa rumbun yana magana ne da sabon salo, tsohuwar manhajar kuwa tsohon salo kaɗai ta sani, kamar kaka da jikan da ya tashi a wata ƙasa. Ta sauya layi ɗaya, ta adana, ta sake kunnawa. Manhaja ta ga rumbu.

Mai gyara ya riƙe baki. Ni har na fara murna, Yaya ta ce in dakata, tsugune ba ta ƙare ba.

Ilai kuwa. Aka fara kwafar fayiloli daga faifai, muna kallon lamba tana hawa, ta kai kashi talatin da huɗu ta tsaya. Wani fayil ya ƙi kwafuwa. Aka sake, nan dai ta tsaya. Yaya ta fitar da faifan ta ɗaga shi a hasken taga, ta huro masa iska, ta goge shi da tsummanta daga tsakiya zuwa baki, ta ce ba a goge faifai a zagaye. Wannan karon aka kai kashi hamsin da ɗaya, wani fayil dabam ya ƙi. Sai ta yi murmushi. Ta ce in da faifan ne ya lalace, da a wuri ɗaya zai riƙa tsayawa. Tunda wurin ya sauya, na'urar da ke karanta faifan ce idonta ya dushe.

"Irin nawa," in ji ta.

Ta sa mai gyara ya kwance mai karanta faifai na matacciyar kwamfutata, wanda wutar ba ta taɓa ba, ya ɗaura a wannan. Lamba ta hau tiryan-tiryan har ɗari. Muka tashi a nan ranar, don ta ce bayanta ya fara yi mata magana.

Washegari da hantsi muka dawo, har da maƙwabciyata mai sayar da zare, wadda labari ya kai mata. Kwamfuta ta tashi, tambarin tsohuwar manhajar ya bayyana, na ji kamar na ga wani ɗan'uwa da ya daɗe a tafiya. Sai sikirin ya yi baƙi, layi ɗaya ya fito: ƙwaƙwalwar kwamfutar ba ta isa ba.

Mai gyara ya ce wannan kam ƙarya take yi. Shi da hannunsa ya ƙara mata ƙwaƙwalwa don ya kyauta mini, abin da ke cikinta ya ninka na tsohuwar sau takwas. Ya ce bari ya je shago ya ɗauko ƙari. Yaya ta ce ya zauna. Wannan saƙon ba ya cikin littattafanta, ta duba duka shidan. Ta ƙura wa sikirin ido, ta sha shayin da na haɗa mata har ya ƙare. Can ta tambaye shi sanda nawa ya saka, wato 'yan siraran allunan da ake sokawa a ciki. Ya ce biyu.

"Cire ɗaya, ƙanena."

"Hajiya, cewa ta yi bai isa ba."

"Na ji ta. Lokacin da aka yi ta ba wanda ya yi mafarkin wannan yawan. Ƙirgawa take yi, lissafin ya ƙwace mata, sai ta ce babu. Cire mu gani, in na yi kuskure ka mayar."

Ya cire yana girgiza kai. Aka kunna. Tambari ya fito, ya ɗan jima, sai ga ɗan kiɗan nan da manhajar ke yi idan ta buɗe, wanda na shekara goma sha shida ina ji kowace safiya. Mai zare ta tafa hannu. Mai gyara ya yi ta dariya har da riƙe ciki, yana cewa yau ya ga wanda aka ba shi da yawa ya ce yunwa yake ji. Yaya ta jawo littafi na shida ta kwafe saƙon a sabon shafi, ta rubuta maganinsa a ƙasa, ta sa kwanan wata.

Saura inji. Aka ɗora manhajar ɗinkin, aka soka wayarsa, kwamfuta ta ce ta ga baƙon abu amma tana neman direba, wato 'yar manhajar da ke yi musu tafinta. Mijin Yaya, da ya fara gyangyaɗi a benci, ya miƙe ya gyara hula ya ce ga shi, shekara talatin yana tuƙi bai taɓa kaɗe ko akuya ba. Na ce masa wannan motar ba ta ɗaukar tsofaffin direbobi. Ya ce ai duk shagon nan tsofaffi ne ke aiki, da tsohuwar zuma ake magani.

Ni dai na damu, don na san direban a kan wani ɗan filofi ya zo, ƙaramin faifan nan na da mai kusurwa huɗu, kuma rabona da ganinsa tun tashinmu daga tsohon shago. Yaya ta cire robar gwangwanin biskit ɗin nan. Faya-fayai ne a ciki a jere, kowanne da takarda a manne. Ta zaro ɗaya, an rubuta da hannunta: injin Ƙanwa. Ashe tun ranar da ta fara haɗa mini ta kwafe shi ta ajiye, ba ta ko gaya mini ba. Sai na rungume ta, ta ture ni ta ce in bari kada in karya mata tabarau.

Da azahar allura ta fara sauka. Bajen farko ya fito, littafi buɗaɗɗe da tauraro a sama, zare bai tsinke ko sau ɗaya ba. Na gama aikin makarantun uku saura kwana biyu a koma.

Mai gyara bai ɓoye abin da ya gani ba, duk wanda ya zo shagonsa sai ya ba shi labari. Ashe garin cike yake da tsofaffin injuna masu irin wannan lalura: na mai yanka sitika, na mai buga katin gayyata, na wani ɗakin gwajin jini. Yanzu idan aka kawo masa irinsu, shi ke yin aikin sukundireba, ita ke karanta saƙo. Ya ce ta koya masa, ta ce sai dai ya riƙa zuwa da nasa biron.

Makon jiya na leƙa gidanta na tarar da kwamfutoci uku a kan teburin cin abinci, mijinta na cin nasa a kan cinya yana mita. Tana fama da ta wani mai yanka gilashin tabarau, wadda duk aka kunna ta sai ta ce shekarar da ake ciki ba ta yi daidai ba, ta ƙi ci gaba. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta miƙo mini wani ɗan batir mai kama da kwabo, ta ce shi ke riƙe wa kwamfuta kwanan wata kuma ya mutu, in taimaka in sayo mata irinsa a bakin titi, in kuma yi sauri, mai kayan zai zo da la'asar.